Tambaya da Amsa: Firintata Tana Ɓacewa Duk Sanda Aka Ɗauke Wuta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu a Jega. Na sayi firinta mai aiki da Wi-Fi, wani yaro ya haɗa min ita da kwamfutoci biyu. Amma duk ranar da aka ɗauke wuta muka tayar da janareta, sai kwamfuta ta ce ba ta ga firinta ba, alhali ga fitilarta nan a kunne. Sai na sake kiran yaron, kuma kowane zuwa da kuɗinsa. Ko jabu aka sayar min? Daga wata mai karatu, Jega, Jihar Kebbi.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, firintarki lafiyarta ƙalau. Rumfa aka sauya mata, ita kuma kwamfuta tana ta sallama a tsohuwar.

Duk na'urar da ta hau Wi-Fi ɗin shagonki sai an ba ta lamba da za a same ta da ita. Ita ake kira adireshin IP, kamar 192.168.0.105. Mai raba lambobin nan shi ne akwatin nan mai ƙyalƙyalin fitilu, wato rawuta, kuma tsarin da yake bi wajen rabon sunansa DHCP. Ki ɗauke shi kamar sarkin kasuwa da ke ba 'yan tebur wuri: aro ne, ba mallaka ba. Idan wuta ta dawo, rawuta da yawa sukan manta wa suka ba me, sai su fara rabo daga farko. Wayar wani ɗalibi da ya zo buga takarda tana iya riga firinta shiga, ta karɓe 105, firinta ta tashi da 107. Kwamfutarki kuwa 105 ta sani.

Ni ma abin ya taɓa wahalar da ni a wani ofis a Birnin Kebbi. Sai da na kwance firinta har ciki, gumi na ɗiga a kan tawada, kafin na gane wayar masinja ce ke zaune a lambarta.

Maganin yana wajen wata lamba ta biyu, adireshin MAC. Wannan tun daga masana'anta ake buga ta, haruffa da lambobi 12, kamar tsagar gado a fuska, duk kasuwar da mutum ya je da ita za a gane shi. Wayoyin zamani sun koyi ɓoye tasu, amma firinta ba ta da wannan wayon.

Ki zaɓi ranar da komai ke aiki. A maɓallan firintar akwai wurin buga takardar bayanan sadarwa, za ta fito da IP da MAC ɗinta. Sai ki juya rawuta, a ƙarƙashinsa akwai adireshin shiga, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, da kalmar sirri. Ki rubuta adireshin a burauza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, ki nemi sashen DHCP, inda aka sa Address Reservation ko Static Lease, ki ɗaure wannan MAC da wannan IP. Daga ranar rumfar ta zama tata. Idan yaron ne zai yi, ki tsaya a kansa ki gani. Ba na ce da gangan yake yi ba, amma aikin minti biyar ne.

Kada ki ji tsoron wani shago a Argungu ya riƙe irin lambarki. Duk masu farawa da 192.168 na cikin gida ne, ba sa fita waje. Tsohon tsarin adireshin IP, wato IPv4, adireshi kusan biliyan 4.3 kawai yake da su, ba su isa duniya ba, shi ya sa rawuta ke fita intanet da lamba ɗaya a madadin kowa na shagon.

Idan kuma wata rana takardar ta fito da lamba mai farawa da 169.254, firinta ta nemi rumfa ba ta samu sarkin kasuwa ba ke nan, ta raɗa wa kanta. Ki kashe ta, ki bar rawuta ya gama tashi kamar minti biyu, sannan ki kunna ta.