Amsa ga ɗan uwa mai tambaya kan sayen sabon akwatin kallo

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Tun jiya da daddare na ga tambayarka, ka ce kana da ɗan ƙaramin stik ɗin nan da ake sokawa a bayan TV tun 2020, yanzu ya fara nauyi, in ka danna rimot sai ya yi jim kafin ya amsa, fim kuma yana yawan tsayawa yana lodin, shi ne kake tunanin ko ka sayi Google TV Streamer ko ka haƙura da na hannunka. Na ga wasu sun ce maka ka saya kawai, wasu sun ce ɓarnar kuɗi ce. Toh ni dai bari in faɗa maka abin da na gani da idona, don na fi shekara goma ina amfani da irin waɗannan na'urori, guda biyar suka bi ta hannuna, biyu daga ciki har yau ina jin zafin kuɗin da na kashe a kansu.

Kaga matsala biyu ka haɗa a tambayarka kuma ba uwarsu ɗaya ba. Nauyin rimot da jinkirin buɗe manhaja daga na'urar ne, wannan sabon akwati zai iya maganinsa. Amma tsayawar fim yana ta juya wannan ɗan zoben a tsakiyar allo, wlh mafi yawan lokuta ba laifin akwati ba ne, intanet ne, kuma ko akwatin da ya fi kowanne tsada a duniya ka kawo haka zai yi maka. Ni abin ya faru da ni, na taɓa canza na'ura sukutum saboda lodin, na kawo sabuwa na jona cikin murna, a daren ranar ana tsakiyar wasan ƙwallo hoto ya sake daskarewa daidai yadda tsohuwar take yi. Sai daga baya na lura ashe rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi a gida, tana can wani ɗaki, bango biyu ne tsakaninta da TV, ga shi stik ɗin yana maƙale a bayan TV inda jikin TV ɗin kansa yake tare masa sigina. Ranar da na matso da rautar na ɗora ta a sama, tsohuwar na'urar da na ajiye a durowa na fito da ita na gwada, lafiya lau ta yi aiki har gari ya waye.

Saboda haka kafin ka fitar da ko sisi, ka tsaya a gaban TV ɗin da wayarka, ka jona wayar a Wi-Fi ɗin da stik ɗin yake kai, ka gwada gudun intanet ɗin, kuma ka gwada da daddare lokacin da kowa a gida yake kan waya ba da sassafe ba. Netflix da kansu sun ce 5 Mbps (ma'aunin gudun intanet kenan) ya isa kallon hoto mai kyan 1080p, shi kuwa 4K da ya fi shi kyau yana son 15 Mbps ko sama da haka, kuma mai ɗorewa ake nufi ba wanda zai hau ya sauka ba. In rautarka tana da layi biyu, 2.4GHz da 5GHz, ka sa stik ɗin a 5GHz matuƙar yana kusa da ita, don na 2.4 ɗin ya fi nisan zango amma cunkoso ya yi masa yawa, na maƙwabta duk a kansa suke.

Abu na biyu da mutane ba sa kula da shi, daga ina stik ɗinka yake shan wuta? In a ramin USB na jikin TV ka soka shi, cire shi yanzu ka nemo cajar da ya zo da ita a kwali ka jona a soket. Ramin USB 2.0 a ƙa'ida 500mA yake bayarwa, waɗannan na'urori kuwa sun fi son sama da haka, shi ya sa za ka ga ana cikin kallo ya mutu ya tashi da kansa, ko ya riƙa tafiyar hawainiya. Akwai wanda na yi wata kusan uku ina zarginsa da lalacewa, ashe yunwar wuta ce kawai take damunsa.

Sai ka shiga saitin ka duba memori. Yawancin na wancan lokacin 8GB ne, kuma kusan rabi sistem ɗin ya riga ya cinye tun daga kamfani, ka zuba manhaja goma sha wani abu ya cika maƙil, daga nan komai sai ya yi nauyi har ofdet ma ya ƙi shiga. Goge duk manhajar da ba ka buɗe ba wata biyu, share kash (tarkacen wucin gadi da manhaja ke tarawa) na sauran, in ya ƙi ka mayar da shi saitin kamfani ka fara daga farko. Awa ɗaya zai ɗauke ka. In bayan duk wannan har yanzu yana ja da ƙafa, toh yanzu ne maganar saye ta taso.

Yanzu shi Google TV Streamer ɗin me ya ƙara? A 2024 ya fito, a lokacin ne ma Google suka sanar sun daina ƙera Chromecast wanda suka fara tun 2013. RAM ɗinsa, wato memorin da manhajoji ke aiki a kai yayin da suke buɗe, 4GB ne maimakon 2GB na Chromecast with Google TV na 2020, memori 32GB maimakon 8GB, yana da ramin wayar intanet a jikinsa, yana karanta AV1 (wani sabon tsarin matse bidiyo), sannan akwai ɗan maɓalli a bayansa da in ka danna rimot zai yi ƙara ka gano inda ya shige. Kar ka raina wannan na ƙarshen in kana da yara a gida. Firosesan kuwa su da kansu cewa suka yi ya fi na baya gudu da kashi 22 cikin ɗari, kaga ba wani tsalle ne mai nisa ba, abin da za ka fi ji a hannunka shi ne RAM da memorin, manhaja ba ta rufe kanta in ka fita ka dawo, kuma ka huta da saƙon nan na wuri ya cika. Ka sani kuma ba ya zuwa da wayar HDMI a kwali, kuma shi ba a ɓoye shi a bayan TV, a gaba ake ajiye shi.

A wurina wannan ramin wayar intanet ɗin shi ne babban dalili. Tun ranar da na ja waya daga rauta kai tsaye zuwa akwati, rabona da ganin lodin sai dai in sabis ɗin ne gaba ɗaya ya ɗauke. In za ka iya jan waya a gidanka wannan kaɗai ya isa hujja. In ba za ka iya ba, kuma Wi-Fi ɗinka dama mai rauni ne, gara kuɗin ya tafi wajen gyara rauta tukuna.

Amma inda nake so ka saurare ni da kyau shi ne maganar kyan hoto, don nan ne aka fi yaudarar kai. Ba ka faɗa mana wace irin TV ce da kai ba. In 1080p ce, akwatin 4K ba zai ƙara maka ko ɗigo ɗaya ba, allon naka ɗigo miliyan biyu da ɗoriya yake da shi, na 4K kuma miliyan takwas da ɗoriya, ninki huɗu kenan, akwati ba ya ƙirƙiro abin da allo ba shi da shi. Ƙanina ya sayi akwatin 4K ya jona a TV ɗinsa mai inci 32, ya kira ni wai in zo in ga bambanci, muka zauna muka kunna bidiyo ɗaya a tsoho da sabo, muka matso har kusa da allo muna dubawa, shi da bakinsa ya ce yaya ai duk ɗaya ne. In kuma TV ɗinka 4K ce kuma tsohon stik ɗin ma 4K ne, toh hoton da kake gani yanzu kusan shi za ka ci gaba da gani. Ko Dolby Vision da ake ta rubutawa a kwali, wato tsarin ƙara wa hoto haske da launi, sai TV ɗinka tana karɓarsa, misali TV ɗin Samsung ba sa yin Dolby Vision sam, HDR10+ suke yi. Ga kuma tsarin biyan kuɗin wata, a Netflix sai kana kan babban tsarinsu kafin su ba ka 4K. Ga data, 4K yana iya shan har 7GB a awa ɗaya, HD kuma wajen 3GB, in datarka mai iyaka ce fim biyu sun isa su girgiza ka.

Dalili ɗaya da babu gardama a kansa shi ne in manhajar da kake kallo ta daina aiki a na'urarka. Wannan yana faruwa, Netflix sun daina tallafa wa akwatin Apple TV samfuri na biyu da na uku a 2024, sannan na'urorin Fire TV na farko-farko a 2025. Amma waɗannan duk sun kai shekara goma ko kusa, naka na 2020 bai kai nan ba tukuna. Irin wannan ma shi ya sa nake ganin wanda TV ɗinsa smart ce amma manhajojin cikinta sun tsufa sun daina samun ofdet, shi ne ya fi kowa cin ribar akwati, allonsa lafiyayye ne ƙwaƙwalwar ce ta gaji, maimakon ya canza TV ɗungurungum sai ya sa mata akwati ta dawo sabuwa.

Wani ya ba ka shawarar ka bar duk waɗannan ka sayi irin baƙaƙen akwatunan Android marasa suna masu araha, wai an rubuta 8K da RAM mai yawa kuma ana kallon komai kyauta. Don Allah ɗan uwa kar ka yi. Ɗaya daga cikin biyun da na ce ina nadama shi ne irin wannan. A kwali an rubuta lambobi manya-manya, da na kunna sai na ga ashe Android ɗin waya ne aka cusa masa, rimot ba ya iya tafiya a cikin manhajoji sai ka kunna wani ɗan kibiya kana jan shi a hankali kamar linzamin kwamfuta, Netflix kuma ya ƙi wuce hoto mai dishi-dishi duk da intanet ɗina ƙalau yake. Dalilin shi ne akwai wani makullin kare fina-finai da ake kira Widevine, mai matakin L1 kuma wanda Netflix suka amince da shi ake ba HD da 4K, irin waɗannan kuwa yawanci L3 ne, a ƙaramin hoto suke tsayawa komai aka rubuta a kwali. Ga zafi, in ya yi awa biyu ba ka iya barin hannunka a kansa. Ofdet kuwa ko sau ɗaya bai taɓa zuwa ba. Abin da ya sa na cire shi gaba ɗaya ma ya fi wannan, a watan Yuni na 2025 hukumar FBI ta Amurka ta fitar da gargaɗi kan abin da ake kira BADBOX 2.0, wato irin waɗannan na'urori marasa tantancewa da wasunsu ke zuwa da muguwar manhaja a ciki tun kafin ka buɗe kwali, wasu can suna amfani da intanet ɗin gidanka suna aikata ɓarna ba ka sani ba. Ka tuna kuma a cikinsa za ka sa imel da faswod ɗinka. Duk wanda za ka saya ka tabbatar yana da tantancewar Google da ake kira Play Protect in na Android ne.

Game da sauran zaɓi ba zan ja da tsawo ba. In gidanku 'yan iPhone ne, Apple TV 4K na 2022 mai firosesa A15 yana da sauri sosai kuma allon farkonsa bai cika da talla ba kamar na wasu, sai dai ka kula mai 64GB ba shi da ramin wayar intanet, mai 128GB ne yake da shi. Fire TV Stick 4K Max na 2023 yana da 16GB da Wi-Fi 6E, ya fi sauƙin kuɗi amma talla a allon farko sai ka yi haƙuri da ita. Nvidia Shield TV kuwa masu ajiye fina-finansu a had disk suna kallo da manhajar Plex ko Kodi har yau shi suke so, kuma kamfanin ya yi ƙoƙari wajen ofdet tun na 2015, amma samfurin ƙarshe na 2019 ne kuma ba ya karanta AV1, ni dai ba zan ce wa mai kallon YouTube da Netflix kawai ya je can ba. Tunda ka riga ka saba da tsarin da kake kai, zama a cikinsa ya fi sauƙi, musamman in akwai dattawa a gidan, mahaifiyata da na canza mata rimot sai da ta yi sati tana kira na kan yadda za ta koma tashar da ta saba.

Da ni ne kai, yau da daddare zan jona stik ɗin a cajarsa ta asali, in matso da rauta ko in koma 5GHz, in share memori, in ba shi sati ɗaya. In lodin ya tafi kuma nauyin ya ragu ka riƙe kuɗinka, zai iya kai ka wata shekara ɗaya ko biyu, kafin nan ma wataƙila wani sabon ya fito. In lodin ya tafi amma rimot har yanzu sai ka danna ka jira, ko memori ya sake cika bayan kwana kaɗan, toh sayi sabon hankalinka kwance, tsohon kuma ka mayar da shi TV ɗin ɗaki. Ka dawo ka faɗa mana inci nawa ce TV ɗin, 4K ce ko 1080p, da lambar da gwajin gudun intanet ya ba ka da daddare a gaban TV ɗin, sai in faɗa maka takamaimai wanda ya dace da kai.