Ga ƙanwata mai tambaya a kan auren AS da AS

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na ga tambayarki tun bayan la'asar, na bari sai da yara suka kwanta don in samu natsuwar rubutu. Kin ce an sa miki rana da ɗan kawunki, kun je gwaji a nan Jidda kun fito AS ku duka biyun, manya kuma sun ce kada ki damu, ɗaya ne cikin huɗu, kuma ai yanzu ana warkar da sikila a ƙasar nan. Kina son jin ta bakin wadda ta ɗanɗana. To ga ni. 'Ya'yana uku, biyu SS ne.

Wannan ɗaya cikin huɗun shi ya yaudare mu. Mutane na ɗauka layi ne, wai uku za su zo lafiya sannan na huɗu ya ɗauka. Ki sa ƙwallayen dabino huɗu a kwano, ɗaya da alama, ki rufe ido ki zaro, ki mayar da ita, ki sake zarowa. Haka kowane ciki yake, ƙuri'a ce sabuwa. Yaro yana karɓar gado ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ya ɗauki A da A ya tsira, ya ɗauki A da S ya zama kamar ku, ya ɗauki S da S shi ke nan. Ni 'yar farina SS, na biyu AS, auta SS. Akwai wata baiwar Allah da muke haɗuwa a asibiti, biyar ta haifa ba mai ciwon ko ɗaya, sai jikanta. Kuma zumuncin ba shi ne laifin ba. Ko daga Indunusiya kika samo miji, in yana ɗauke da S lissafin bai canza ba. Sai dai 'yan'uwa sun fi yawan ɗauke da gado iri ɗaya.

Babbar tawa tana wata bakwai na ga bayan hannayenta da ƙafafunta sun kumbura sumul, ko taɓawa aka yi sai ihu. Surukata, Allah ya jiƙanta, ta ce haƙori ne, wata ta ce kambun baka. Mun sha habbatus sauda da tofi har mako biyu kafin a ɗebi jini. Likitar ce ta zana min a bayan takarda: ƙwayar jinin mai lafiya kewayayyiya ce, tana kai kwana 120, ta mai sikila kuwa tana lanƙwashewa kamar lauje, shi ya sa Larabawa ke kiran ciwon minjaliyya, kuma kwana 10 zuwa 20 take yi ta mutu. In lanƙwasassun suka cunkushe a ƙananan jijiyoyi, wurin ya rasa jini, ciwo ya taso. Ta ce jinin da jariri ke zuwa da shi daga ciki ne ya kare ta a watannin farko, da ya ja baya sai abin ya bayyana.

Rayuwa a nan tana da nata tarkon. Waje zafi mai busar da jiki, cikin gida mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, kamar firji, duka biyun suna tayar da ciwon. Ɗakin yarana ne kaɗai za ki shiga tsakiyar bazara ki tarar da bargo da safa. Wata shekara muka hau Ɗa'ifa shan iska, ban san tsayin dutse yana rage iskar shaƙa ba. Kafin isha autana ya dunƙule a kujerar baya yana cizon gefen rigata, yana cewa Umma ki cire min ƙafar. Muka gangaro cikin dare. A ɗawari, wato sashen gaggawa na asibitin da muka fara tsayawa, sai da muka yi awa uku a kan benci, wani ma'aikaci yana kallonmu kamar allura muka zo roƙo. Har yau in na ga hanyar Hada, wadda muka gangaro ta kanta, gabana faɗuwa yake.

Ban ce babu magani ba, akwai, kuma yana aiki. Folik asid kullum, fenisilin tun suna jarirai har shekara 5, rigakafi ba a tsallake ko ɗaya. Zazzaɓi ya kai 38.5 ba a jiran safiya. An koya min lalubar saifa a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, don in ta kumbura farat ɗaya tana iya shanye jinin yaro. Daga shekara 2 zuwa 16 ana duba jijiyoyin kai duk shekara saboda shanyewar ɓarin jiki. Wanda ya fi sauya mana rayuwa shi ne haidroksiyuriya, yana sa jiki ya koma ƙera wancan jinin na jarirai. Na yi shekara ina ƙin sa don na ji ana ba masu kansa, na yi nadamar jinkirin, domin tun da babbar ta fara kwanciyarmu a asibiti ta ragu sosai. Sai dai ana bin sa da gwajin jini a kai a kai.

Warkarwar da manya ke faɗa kuwa, gaskiya ce da aka yanke mata wutsiya. Ana dashen ɓargo, Asibitin Sarki Faisal na Riyad ya daɗe yana yi. Amma mafi kyau sai an samu ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya da ɓargonsa ya dace, shi ma ɗaya cikin huɗu ne, namu na tsakiya bai dace da kowa ba. Kafin dashen sai an kashe tsohon ɓargon da magani mai ƙarfi wanda ke iya taɓa haihuwa. Akwai sabon maganin gyaran gado, Casgevy, da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, Saudiyya ta biyo baya a farkon 2024. A lokacin na 'yan shekara 12 zuwa sama ne, kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2. Ki tambayi kawu ko ta'amin ɗin, wato inshorar lafiya da ke kan iƙamarsa ta zama a ƙasar nan, zai biya.

Tun 2004 ƙasar nan ta wajabta wa 'ya'yanta gwajin sikila da talasimiya, wani ciwon jini na gado, kafin aure, don su ma abin ya addabe su, musamman a yankunan Ahsa, Ƙaɗif da Jizan. Ba sa hana auren, amma sai an zaunar da mutum an faɗa masa. Mu namu a unguwa aka ɗaura, ba wanda ya nemi takarda. Ke kin sani tun kafin a kai lefe, ni sai a gadon asibiti. Ga masu karantawa kuma, ba AS da AS kaɗai ba ne: AS da AC (C wani nau'in gadon jini ne daban da S), ko AS da mai ɗauke da talasimiya, su ma suna haifar mai sikila, don haka a nemi cikakken gwaji.

Ba zan ce miki ki fasa ba, ban san nauyin da ke kanki a gida ba. Amma in ni ce, da sanin da nake da shi yau, ba zan shiga ba, duk da cewa mijina mutumin kirki ne kuma ba na musayar yaran nan da komai. In kun dage, akwai dashen ƙwai da ake gwada ɗan tayi kafin a mayar da shi mahaifa, yana da tsada kuma ba kullum yake kamawa ba, ku tambayi likita da malami tun yanzu.

Kada ki tunkari kawu ke kaɗai, za a ce kin samu wani ne. Ki ɗauki ɗan kawun naki da mahaifiyarki ku koma wurin likitan jini su ji da kunnensu. In Hajiya tana son gani da ido, Talata mai zuwa muna da ganin likita da safe, ki yi min magana ta gefe mu tafi tare.