Tambayoyinku: tutar da ta koma "NG", jan aljani a kwamfuta, da alade a manhajar adashe

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau tambayoyi uku na ɗauko, da gangan kuma na haɗa su don duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Tambaya: Malam barka da aiki. Na sa tutar Najeriya a shafin ƙungiyarmu na intanet, a waya tana fitowa fes kore fari kore, amma in na buɗe a laftof da Chrome sai in ga "NG" kawai. Ko bairos ne ya shiga? Daga wani ɗan'uwa a Zariya.

Amsa: Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, laftof ɗinka lafiyarsa ƙalau, kar ma wani mai gyara ya karɓi kuɗinka. Ita tutar nan da kake gani a imoji asalinta ba hoto ba ce, haruffa biyu ne na musamman, N da G, wayar ce ke ganinsu ta zana maka tuta. Na Nijar NE, na Ghana GH. To shi Windows, tsarin kamfanin Microsoft da ke tafiyar da laftof ɗinka, bai da zanen tutocin ƙasashe ko ɗaya, shi ya sa yake ajiye maka haruffan tsirara. Kuma ba ƙyuya ba ce, ni a ganina wanda maciji ya sara ne, in ya ga tsumma sai ya gudu. Lokacin Windows 95 akwai wata 'yar taswirar duniya a wurin saita agogo, in ka zaɓi ƙasa sai yankinta ya haskaka, sai aka yi wa wani ɓangare na Kashmir launi daban da na Indiya, wurin da su da Pakistan suke rigima a kai tun 1947. 'Yan ɗigo ne fa da sai ka ƙura ido za ka gani, amma gwamnatin Indiya ta ce ba za a sayar a ƙasarta ba, dole Microsoft ta janye kwafi wajen dubu 200, daga baya ma ta cire haskakawar kwata-kwata.

Su Apple nasu salon daban, suna da tutocin amma in ka saita iPhone a kan yankin China tutar Taiwan ɓacewa take yi, ko wani ya turo maka sai dai ka ga ɗan akwati. Google Maps kuma kowa abin da gwamnatinsa ke so ake nuna masa, tun Fabrairun 2025 mutumin da ke Amurka yana ganin Gulf of America, na Meziko yana ganin Gulf of Mexico, mu da ba ruwanmu aka haɗa mana duka biyun, ka duba da kanka ka gani. Maganin naka dai mai sauƙi ne, ka buɗe da Firefox, wata manhajar shiga intanet irin Chrome, don shi da nasa imojin yake zuwa, in kuma kana so kowa ya gani to ka sa tutar a matsayin hoto kawai.

Tambaya: Yallaɓai ina koyon aiki a wurin da ake kula da sabar, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet, sai na ga wata kwamfuta in tana tashi tana nuna wani jan abu mai ƙaho biyu, an ce sunanta FreeBSD. Abokina ya ce ta masu bautar shaiɗan ce in daina taɓawa. Gaskiya ne?

Amsa: Abokinka ya yi saurin yanke hukunci, amma ban ga laifinsa sosai ba, don ni ma ranar da na fara ganin tsohon tambarin, jan yaro da ƙaho da jela riƙe da mashi mai baki uku, wai har da takalmin kambas, sai da na ce a'uzubillahi. Wasa da kalma ne na masu kwamfuta. A tsarin Unix, wanda FreeBSD ya samo asali daga gare shi, akwai ƙananan manhajoji da ke aiki a ɓoye ba ka ganinsu, su ne ke jiran saƙo, su ne ke karɓar mai son shigowa, ana ce musu daemon, shi ya sa za ka ga sunaye kamar sshd da httpd duk da d a ƙarshe. Kalmar ta yi kama da wadda Turawa ke kiran aljani da ita, sai aka zana musu ɗan aljani don raha. Su a wurinsu barkwanci ne, amma ko a Amurka akwai Kiristocin da abin bai yi musu daɗi ba, kuma a 2005 masu FreeBSD suka yi gasa suka zaɓi sabon tambari, jar ƙwallo mai sheƙi da 'yan ƙahoni. Ƙahon dai suka ƙi bari. In kuwa za ka ƙaurace masa to aiki ja, don PlayStation 4 a kansa aka gina tsarinsa, Netflix ma da shi take turo bidiyo.

Ba ina cewa kowane ƙorafi shirme ba ne. A 1997 Nike ta janye takalma dubu 38 saboda zanen harshen wuta da ke bayansu ya yi kama da sunan Allah da Larabci, a 2008 kuma Sony ta janye fayafayen gem ɗin LittleBigPlanet ana dab da fara sayarwa, don an ji kalmomin Alƙur'ani a cikin kiɗan da ke ciki. Waɗannan an yi magana da hujja an gyara. Wanda ke ba ni haushi shi ne na guruf ɗin WhatsApp, a juya tambari ƙasa a haska a madubi a karkata kai sannan a ce ga saƙon ɓoye nan, ka tura wa mutum goma. In ka juya kowane zane haka wallahi sai ka samu abin da kake nema.

Tambaya: Malam ni ina da 'yar manhajar adashe da nake so in fitar don matan kasuwa a Kano da Maraɗi. Mai zanen da na ɗauka ta intanet ya turo min tambari, alade ne da tsabar kuɗi a kansa, a shafin maraba kuma hannu ne a buɗe yatsu biyar. Hankalina bai kwanta ba. Daga wata 'yar'uwa.

Amsa: Hajiya hankalinki ya yi daidai, kar ki fitar da shi a haka. Mai zanen bai yi da mugunta ba, a ƙasashen Turawa asusun yara siffar alade ake yi masa, shi da ya ji "tara kuɗi" abin da ya faɗo masa ke nan. Amma ki ɗauka kin miƙa wa wata dattijuwa mai sayar da atamfa a Kantin Kwari waya, ta buɗe ta ci karo da alade, ta danna gaba kuma a watsa mata yatsu biyar a fuska. Daƙuwa fa aka yi mata, kuma kuɗinta kike so ta ba ki ajiya! Abin dariya ma Girkawa haka suke, buɗe wa mutum tafin hannu a fuska zagi ne babba a wurinsu, alhali a Amurka gaisuwa ce.

Irin wannan ne mujiyar da ke tambarin Duolingo, manhajar koyon harsuna, su Turawa tun zamanin Girkawan da tsuntsuwar hikima ce a wurinsu, mu kuwa in ta yi kuka a kan katanga da dare sai a hau addu'a. Launi ma haka, a kasuwar hannun jari ta China ja shi ne riba kore kuma faɗuwa. Kuma manya ma suna tuntuɓe, Amazon da duk kuɗinta a 2021 sai da ta gyara tambarin manhajarta don mutane sun ce ɗan salatif ɗin da ke saman murmushin ya yi kama da gashin bakin Hitila.

Ki ce ya zana miki asusu na ƙasa, irin wanda muke fasawa da Sallah, ko ƙwarya da murfin faifai, hannun kuma ya cire shi gaba ɗaya. Kar ya saka ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a tambarin don neman albarka, tambari yana ƙarewa a kan leda da takardar talla da ake takawa a kasuwa. Sannan kafin ki biya shi cikon kuɗinsa ki buga zanen a takarda, ki ƙanƙanta shi kamar yadda zai fito a fuskar waya, ki kai wa mata biyar ko shida cikin waɗanda za su yi adashen, kar ki yi musu bayanin komai, ki tambaye su kawai me suka gani. Ki haɗa da ɗaya daga Maraɗi ko ta WhatsApp ne.