Ƙarar birkin baya: a ɗaga taya kafin a sayi komai

Wata baiwar Allah ta rubuto: "Wata guda ke nan da aka canja min fad ɗin birkin baya, amma har yanzu ina jin ƙarar gugar ƙarfe ko ban taka birki ba. Jiya na sauko na ji warin ƙauri, tayar baya ta dama ta yi zafi. Bakanike ya ce in sake sayen fad. Da motar nake kai yara makaranta, hankalina ya tashi."

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, kin yi daidai da kika tsaya tambaya. Amma ki ajiye motar sai an duba ta, kuma kada ki sayi fad ɗin tukuna. Taya ɗaya ta yi zafi ita kaɗai, ga wari, ga ƙara ba a taka birki ba, wannan alama ce birkin ya kama faifan, wato ƙarfen da ke juyawa tare da taya wanda fad ke matsewa, ya ƙi saki. Idan aka ci gaba da tafiya a haka, man birki zai iya tafasa, ki taka birki ya tafi ƙasa ba kamu.

Ki ce wa bakanikenki ya tsaya a wuri mai lebur, ya sa waigi a tayoyin gaba, ya ɗaga bayan motar da jek, ya sauke birkin hannu, ya juya kowace taya da hannu a gabanki. Lafiyayyiyar taya za ta zagaya da ɗan sautin shafa kaɗan. Wadda ta kama kuwa sai an sa ƙarfi, ana saki ta tsaya cak.

Daga nan sai ya sassauta ɗan notin da ake fitar da iska a jikin kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe fad yana matsa shi a jikin faifai. Idan mai ya fito da ƙarfi taya ta saku nan take, to matsin mai ne ya maƙale, kuma galibi tiyon roba ne ya lalace ta ciki, yana barin mai ya shiga amma ba ya barin ya koma. Idan an sassauta notin amma taya tana nan a riƙe, matsalar tana jikin kalifar: ko fistin ya yi tsatsa, ko ƙusoshin nan biyu da kalifa ke zamewa a kansu sun bushe sun cije. Ki kalli fad ɗin guda biyu da idonki. In ɗaya ya cinye ɗaya yana nan da kaurinsa, kalifar ba ta zamewa ke nan. Ya kuma duba wayar birkin hannu, domin idan ta yi tsatsa a cikin rigarta takan riƙe birkin ko an sauke shi.

Abin da ke ɓata min rai shi ne wannan ɗabi'a ta jin ƙara kawai a ce a sayo fad. Fad bai cinye kansa ba, wani abu ne ya danne shi a jikin faifai dare da rana. Ka saka sabo a kan kalifar da ta cije, ya sake ƙonewa, ka sake saye, sannan zafin ya ɓata faifan, ka ga ya yi shuɗi-shuɗi, shi ma sai an canja. Ga mai da motar ke sha fiye da ƙima, tunda tana tafe tana jan birki. Kuɗin da aka zubar a fad sau biyu ya fi na wanke ƙusoshi da saka musu giris. Kuma da yake mutum ya gaji da saye, sai ya koma neman mafi araha, ya faɗa hannun masu jabu. Na taɓa riƙe wani fad a kwali mai ƙyalli, kunnuwansa ba su shiga mazauninsu ba sai da aka doka da guduma. Fad ɗin da aka shigar da guduma ta yaya zai ja baya idan an ɗaga ƙafa? Wani kuma gam ɗinsa ke saki da zafi, ɓangaren da ke gugar faifai ya ɓantale daga ƙarfen. Ku duba lambar kayan ta dace da motarku, ku gwada fad ya zame a mazauninsa da yatsa. Giris ma ba kowane ba. Na boris yana kumbura robar ƙusoshin, sai wanda aka yi don birki, mai silikon.

Wani mai karatu ya ce: "Idan an yi ruwa da dare ko na wanke mota, da safe sai in ji guga a baya, bayan ɗan tafiya ta ɓace."

Malam, tsatsa ce ta kwana a fuskar faifai, birki biyu uku za su share ta. Ba ka da abin saye.

Wani kuma: "An ce in shafa ɗan baƙin mai a faifan ƙarar ta mutu, ko a toshe layin birkin baya tunda na gaba ne ke aiki. Wanne ya fi?"

Babu ko ɗaya, kuma wanda ya ba ka wannan shawara kada ka sake kai masa motarka. Mai a kan faifai ya kashe birkin wannan taya, fad ɗin da ya sha mai kuma sai zubarwa. Toshe layi wasa ne da ranka da na mutanen da ke kan hanya.

Wani ɗan'uwa ya tambaya: "Taya ba ta zafi, fad sabo ne, amma akwai ƙara siririya kamar ana kankare gwangwani."

Leƙa bayan faifan, akwai wani siririn ƙarfe da ke tare ƙura. Yakan lanƙwashe ya taɓa faifan, ko tsakuwa ta maƙale a tsakaninsu. Ana tura shi baya da hannu, shi ke nan. Idan kuwa gurnani ne da ke ƙaruwa da gudu, yana canjawa in ka karya sitiyari, to boris ne, birki ba shi da laifi.

Ta ƙarshe: "Ina son canja fad ɗin baya da kaina, fistin ya ƙi komawa."

Kada ka matsa shi da ƙarfi. A motoci da yawa birkin hannu a cikin kalifar baya yake, fistin ɗin murɗa shi ake yi yana shiga, za ka ga 'yan ramuka a fuskarsa na sa abin murɗawa. In birkin hannun na maɓalli ne, sai an sa shi a yanayin gyara, yawanci da na'urar kwamfuta, kafin a taɓa. Idan ka gama, ka taka birki sau da yawa har ya yi tauri kafin ka motsa motar, sannan ka duba man birki: murfin tankin yana ɗauke da irin wanda ake zubawa, yawanci DOT 3 ko DOT 4, kuma idan ya haura shekara 2 a canja shi, don ruwan da yake tsotsa ne ke sa fistin tsatsa.