Tarurrukan yaƙi da fara: aiki ne ko ɓarnar kuɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne daga ƙasar Gumel. Duk rani sai mu ga malaman gona suna ta zirga-zirga da tarurruka a kan fara. Ba gara a sayo magani da kuɗin man motar a raba mana ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganin da aka raba ba tare da shiri ba galibi a banza yake tafiya, kuma halin farar ne ya jawo haka.

Farar da ta fi addabar gero a yankinmu tana binne ƙwai cikin jigawa a ƙarshen damina. Ƙwan ya kwanta duk rani, sai ruwa ya jiƙa ƙasa ya ƙyanƙyashe. 'Ya'yan ba su da fuffuke, tsalle kawai suke yi cikin ciyawa da saura, kuma a nan ne magani kaɗan yake gamawa da su. Makonni kaɗan ne. Suna yin fuffuke iska ta kwashe su arewa, su dawo da kaka daidai lokacin da gero ya fara ido. Irin wannan annoba ce ta mamaye Sahel a 1986.

To, wa zai san inda ƙwan yake in ba a je an tona ba? Malamin gona yakan durƙusa a gefen gona ya kankare ƙasa da fartanya, ya ƙirga kwanson ƙwai, ya rubuta sunan ƙauyen. Da wannan ne hukumomi irin su JARDA, hukumar bunƙasa aikin gona ta Jihar Jigawa, za su san inda za a ajiye famfunan feshi. Fara kuma ba ruwanta da iyaka: wadda ta tashi daga ƙasar Damagaram tana iya sauka a Maigatari ko Ɓaɓura. Dole a riƙa jin ta bakin maƙwabta, har da AGRHYMET, cibiyar nazarin yanayi da noma ta yankin Sahel da ke Yamai.

Zaman da ni na fi damuwa da shi shi ne na ƙofar dagaci. A nan ake gaya wa arɗo ya janye shanu daga inda aka fesa, a gargaɗi masu kamun fara da asuba kada su kai wadda ta sha guba kaskon suya, don yaranmu ne ke cin ta da yaji. In kuma maganin Green Muscle za a fesa, wanda ba guba ba ne, cuta yake sa wa fara, sai an bayyana cewa yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ta mutu, in ba haka ba a ce jabu ne.

Inda nake tare da kai, Malam, shi ne taron otal a birni bayan damina ta faɗi. Wannan kam ya makara. In sun zo garinku, ka tambaye su wa za ku kira ranar da kuka ga 'ya'yan fara, kuma a ina aka ajiye maganin.