Amsa: Yadda 'Yan Asalin Ostiraliya Suke Jinyar Raunin Da Suka Gada

Malama, kin tambaya ko ganin likitan ƙwaƙwalwa kaɗai zai warkar da ƙuncin zuciyar da 'yan asalin Ostiraliya suka gada daga kakanni. A ganina bai isa ba.

Daga wajen 1910 zuwa shekarun 1970, hukuma ta riƙa ƙwace yaransu tana kai su gidajen mishan ko hannun Turawa. Yaron da ya tashi bai san uwa ba, bai san harshensu ba, da me zai reni nasa ɗan? Ta nan ciwon yake gangarowa. Rahoton wani binciken hukuma da ya fito a 1997 ya tona abin, Firaminista Kevin Rudd ya nemi gafara a 2008, amma gafara ba ta mayar da dangi.

Shi ya sa ƙungiyoyin Link-Up suke bin tsofaffin takardu suna nemo wa mutum danginsa, har su raka shi ƙasar kakanninsa. A tsakiyar Ostiraliya kuma, masu maganin gargajiya da ake kira ngangkari suna aiki kafaɗa da kafaɗa da likitoci. Asibitocin da al'ummar ke gudanarwa da kansu, irin na unguwar Redfern a birnin Sydney da aka buɗe a 1971, su mutane suka fi sakin jiki da su, domin hukumar da ta raba ka da uwarka ba ka saurin kai mata kuka.