Tambayi Bakanike: Zama da Alfa Romeo a Bayan Gari

Wasiƙun wannan fitowar sun taru a kan motar Italiya mai ƙofa huɗu, mai kwanciya ƙasa da saurin tashi, wato Alfa Romeo. Mun taƙaita tambayoyin don amsoshin su samu wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum. An yi mini tayin Alfa Romeo Giulia ƙirar 2018, 'yar Amurka, mai injin lita 2. Zirga-zirgata tsakanin Gumel, Maigatari da Kano ce. Abokai sun ce motar Italiya ba ta da amana. In saya ko in haƙura? Daga wani ɗan kasuwar hatsi, Gumel.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Maganar abokanka tana da tushe, amma ba a ƙarfen motar matsalar take ba. Giulia ta fito a 2015, ana haɗa ta a masana'antar Cassino da ke Italiya, ta kuma shiga kasuwar Amurka da ƙirar 2017. Injin da aka yi maka tayi mai silinda huɗu ne da turbo, ƙarfin doki 280, kuma sarƙa ce ke riƙe masa tayimin, ba bel ba. Giyarta mai hawa takwas ta kamfanin ZF na Jamus ce, irin wadda ke cikin BMW da Range Rover da yawa, don haka ba baƙuwa ba ce ga manyan kanikawan Kano. Waɗannan manyan sassa suna da juriya. Abin da ke jawo mata baƙin suna shi ne ba ta yafe sakaci: batir mai rauni, baƙin mai da ba nata ba, fetur mai datti, da hannun da bai san ta ba. Abin da Corolla za ta shanye shekara guda tana tafiya, Giulia za ta nuna maka shi cikin mako.

Kafin ku yi ciniki, ka karɓi lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 ka sa a binciko tarihinta. Motocin Amurka da yawa daga gwanjon haɗari ko na ambaliya suke fitowa. Wadda ta yi karo ana iya gyara ta, amma wadda ta sha ruwa ka guje ta ko da kyauta ce. Ka ɗaga shimfiɗar but, ka duba ramin batir a gefen dama, ka leƙa ƙarƙashin kujeru. Busasshiyar laka, tsatsa a kan ƙananan kusoshi, ko kore-kore a bakin wayoyi, duk shaidar ruwa ne. Da wannan lambar kuma za a gane ko an yi mata gyare-gyaren da kamfani ya kira motoci ya yi kyauta, domin an yi irin wannan kiranye a kan Giulia na shekarun farko.

Sai ka sa a jona mata kwamfutar duba mota da ke karanta dukkan sassan Alfa da Fiat, irin manhajar MultiEcuScan, ba ƙaramar na'urar da ke karanta inji kaɗai ba. Daga wajen 2018 kamfanin ya sa wani shinge a tsarin wayoyin motar: ana iya karanta laifi, amma ba a iya goge shi ko saita wani abu sai da izinin shiga ko wayar da ke kewaye shingen. Ka tambayi mai gwajin wannan tun kafin ka taso daga Gumel.

Yanzu hanya. A kan kwalta mai kyau, da wuya ka samu motar da ta fi ta daɗin sitiyari a ajinta. Amma cikinta kusa yake da ƙasa, tayoyinta kuma sirara ne. Mai rim 19 tana ɗaukar taya 225/40, gefen tayar bai wuce santimita 9 ba, rami ɗaya a kan gudu ya isa ya kumbura tayar ya lanƙwasa rim. Mai rim 17 da taya 225/50 ta fi dacewa da hanyoyinmu nesa ba kusa ba. Yawancinsu ba sa zuwa da safaya, ko ramin ajiye ta babu, don haka ka tanadi cikakkiyar taya da jak ka ba su wuri a but. Tudun rage gudu na shiga gari kuwa, a karkace ake hawansa, taya ɗaya bayan ɗaya.

Kayan gyara nan ne haƙurin yake. A Ƙofar Ruwa za ka samu na Toyota, Honda da Peugeot a kowane layi, amma na Giulia sai an aika Ladipo a Legas ko an yi odarsu daga waje, a jira makonni. Mai irin wannan mota yana ajiye filtar mai biyu, filtar iska biyu, fulogi huɗu, kwayil ɗaya ko biyu, da takalmin birki na gaba da na baya a gida tun kafin buƙata ta taso.

Ra'ayinmu a fili: idan kana da wata motar da za ta shiga burji ranar kasuwar Maigatari, ta ɗauki buhu, to Giulia za ta faranta maka rai a hanyar Kano. Idan ita kaɗai ce za ta kai mara lafiya asibiti da tsakar dare, kada ka saya.

Tambaya: Na yi tafiya ta kwana goma sha biyu. Da na dawo na kunna Giulia, fitilun gargaɗi suka kama gaba ɗaya: birki, sitiyari, inji. Mai gyaran waya ya ce ƙwaƙwalwar motar ce ta ƙone. Daga wata ma'aikaciyar jinya, Ɗambatta.

Amsa: Hajiya, kada ki bari a taɓa ko waya ɗaya tukuna. Ba a saba ganin birki da sitiyari da inji sun lalace rana ɗaya a motar da ke ajiye ba. Abin da ya haɗa su shi ne wuta, kuma kusan kullum batir ne mai laifin. Motar tana da ƙananan kwamfutoci da yawa, wasunsu suna shan wuta kaɗan-kaɗan ko tana kashe. Lokacin tayar da inji, idan wutar ta faɗi ƙasa sosai, kowace sai ta rubuta laifi ta kunna fitilarta, alhali sashen da take kula da shi lafiyarsa ƙalau.

A auna batirin da mita da safe, kafin a kunna mota. Volt 12.6 cikakke ne. Wajen 12.2 ya sha rabi. Ƙasa da 12 ya yi rauni ƙwarai. Sannan a sa masa na'urar gwajin nauyi, domin batirin da ya tsufa yana iya nuna lamba mai kyau ya durƙushe da zarar kik ya ja. Zafin bazara, da ke haura digiri 40 a watan Afrilu, yana cin batir fiye da komai, shi ya sa wanda ya shekara uku a nan ya cancanci zargi.

Idan za a canza, a sa batir nau'in EFB ko AGM, masu jure yawan tayar da inji, daidai girman na asali, domin motar tana kashe inji da kanta a tsayuwa tana sake tayarwa, batirin ruwa na gama-gari ba ya jure wannan. A kashe mota, a rufe ƙofar direba, a jira 'yan mintoci kwamfutocin su yi barci kafin a kwance kan batir. Abu mafi muhimmanci: kada a rufe but alhali batir yana kwance, domin da wuta yake buɗewa. A rataya tsumma a kan makullin don kada ya faɗa. A jikin kan batir na baƙar waya akwai wata 'yar na'ura mai lissafin wutar da ke shiga da fita. Kada a fasa ta da guduma, kuma in za a yi caji, a maƙala baƙar wayar caja a jikin ƙarfen mota, ba a kan batirin kai tsaye ba, don na'urar ta ƙirga abin da ya shiga. Bayan an haɗa, a tayar da inji, a murɗa sitiyari har ƙarshen dama, a mayar har ƙarshen hagu, a yi 'yar tafiya. Yawancin fitilun za su mutu da kansu. Wadda ta ƙi mutuwa, ita ce za a bi da kwamfuta.

Wani abu da ya shafi gidajenmu na karkara: idan motar tana kwana kusa da rumbu ko ɗakin ajiyar hatsi, a buɗe bonet a duba da tocila. Ɓera yana son ɗumin inji, yana kuma gaigayar rigar waya. Kashinsa ko ɓawon gyaɗa a kan murfin inji ya isa shaida. Nan gaba in za ki yi doguwar tafiya, ki bar ta a jone da ƙaramar caja mai kula da batir, ko ta hasken rana ce.

Tambaya: Bakanikenmu ya nemi sandar awon baƙin mai a Giulia ya rasa. Ya kuma ce mai 0W-30 ruwa ne, zafin Haɗejia sai 20W-50. Wanne zan bi? Daga wani malamin makaranta, Auyo.

Amsa: Malam, bai rasa ta don rashin iya aiki ba, injin lita 2 na fetur ba shi da ita. A allon motar ake ganin yawan mai. A tsayar da ita a wuri mai daidai bayan inji ya yi zafi, a kashe, a jira mintoci kaɗan, sannan a duba. Awon ba ya sauyawa nan take bayan an ƙara mai, wannan ne ke sa wasu su yi ta zubawa har ya wuce kima. Idan an juye tsohon mai an canza filta, abin da take sha lita 5.2 ne. A auna shi a mazubi kafin a zuba.

Maganar kauri kuwa, a nan dole mu saɓa wa bakanikenka, tare da girmama shi. Shawararsa daidai ce ga tsohuwar 504 ko J5. Wannan injin yana da tsarin da ake kira MultiAir, inda baƙin man da kansa ne ke tura bawul ɗin shigar iska, ta wasu ƙananan hanyoyi da wuta ke buɗewa tana rufewa sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. An auna aikin ne da mai marar kauri. In aka zuba mai kauri ko na jabu, bawul zai makara, inji ya fara rawa da safe, ya riƙa tsallake wuta, daga baya sashen ya lalace, kuma ba a gyara shi a bakin titi, sai dai a sayo sabo. Turbo ma da wannan man yake rayuwa. Ka tsaya a kan 0W-30 cikakken sintetik mai lambar amincewar da ke cikin littafin motar, daga dila wanda ka yarda da shi, galan a rufe da hatiminsa. Littafin ya ba da tazara mai tsawo, amma don ƙurarmu muna ba da shawarar canji duk kilomita 6,000 zuwa 7,000 ko wata shida. Filtar iska a duba ta kowane wata a lokacin hunturu da lokacin sussuka, a canza ta in ta toshe. Busa ta da iska mai ƙarfi yana yaga takardar, ƙura ta wuce kai tsaye cikin turbo.

Tunda ana maganar abin zubawa, ga sauran. An ƙera injin don fetur mai lambar inganci (octane) 95 a ma'aunin Turai, gidajen manmu kuwa kala ɗaya suke sayarwa. Injin yana rage ƙarfinsa da kansa don ya kare fistin, amma ka taimake shi: kada ka take totur har ƙasa da tsakar rana a bazara, kada ka sayi man galan a hannun 'yan bumburutu, kada kuma ka bar tanki ya sauka ƙasa da kwata, domin fetur ne ke sanyaya famfon da ke cikinsa. Tankunan ruwan sanyaya inji biyu ne a ƙarƙashin bonet, ɗaya na inji, ɗaya na sanyaya iskar turbo. Dukansu ruwan Paraflu UP ko makamancinsa suke sha, rabi da rabi da tataccen ruwa irin na batir. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin gishiri ya toshe lagireto. Man giya kuma, kamfanin ZF ya ce a canza tsakanin kilomita 80,000 da 120,000, tare da kaskonsa domin filtar a jikinsa take.

Tambaya: Na ga tsohuwar Alfa 156 da kuma 159 da araha. Wacce ta fi? Daga wani matashi, Birnin Kudu.

Amsa: Ɗan'uwa, 156 ta fito a 1997, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1998. Injinta na Twin Spark mai fulogi takwas ne, yana shan baƙin mai, sai a riƙa dubawa kowane mako. Tayimin bel ɗinsa ba ya wuce kilomita 60,000 ko shekara uku, in ya tsinke fistin zai doki bawul. Ranar da ka saya ka canza shi, kome mai sayarwa ya faɗa maka. Ka guji mai giyar Selespeed, wadda kwamfuta ke sarrafa kulocinta, ka nemi ta hannu. Ita 159, ta 2005 zuwa 2011, ta fi ƙwari da nauyi, amma a injin 2.2 JTS sarƙar tayimin tana miƙewa, gindin da ke riƙe da injin yana tsatsa, tana kuma cin tayoyin gaba ta ciki. A ɗaga ta a duba. Kowacce ka zaɓa, ta zama mai sitiyari a hagu, domin tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama.

Tambaya: Da damina ruwa yana yanke hanyar garinmu. Wane zurfi Giulia za ta iya ratsawa? Daga wani manomin shinkafa, Kafin Hausa.

Amsa: Alhaji, in ruwan ya kai rabin rim, ko ba ka ganin ƙasansa, juya. Injin yana shaƙar iska ta gaban mota, ruwa kuwa ba ya matsuwa kamar iska, kofi ɗaya a cikin silinda ya isa ya lanƙwasa sandar fistin. Idan ta mutu a cikin ruwa, kada ka sake murza ta ko sau ɗaya. A fitar da ita, a buɗe gidan filtar iska. In filtar ta jiƙe, a cire fulogi huɗun, a fitar da ruwan da ke bututun iska, a juya injin ya tofar da na cikinsa, a canza baƙin mai da filta kafin a gwada tayarwa. A ɗaga shimfiɗun ƙasa da na but a shanya su sosai saboda wayoyin da ke ƙarƙashi. Zuwa Kano kuma a ɗora ta a kan motar ɗaukar mota, ba a ja ta da igiya ba, domin giyarta ba ta samun mai idan inji ba ya aiki.